Shelar da Yaya Iliyasu Ya Yi wa Kansa

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Juma'ar da ta gabata, bayan an idar da La'asar, mu goma sha ɗaya ne a zauren gidan yayana, marigayi Malam Iliyasu Duba-gari, a nan Birnin Gwari. Akwai ni, akwai limamin unguwarmu, akwai maza shida daga cikin maƙwabta da abokansa. A bakin ƙofar shiga cikin gida mata uku ne a kan tabarma: Asabe matar marigayin, da Hajiya Dije shugabar ƙungiyar mata masu gyaran shinkafa, da Mama Rahila sakatariyarsu. Ranar ce ya cika shekara shida da rasuwa, mun taru mu yi masa addu'a kamar yadda muka saba.

Da aka shafa, maza suka fara neman takalmansu, amma Hajiya Dije ba ta motsa ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Malam Liman, a gafarce ni. Na san yau ba ranar wannan magana ba ce, amma ba na samunku a haɗe sai yau. Kuɗin da mata suka tara na sayen shinkafa shanshera, wanda ke hannun Asabe, babu shi a asusu. Ta ce saƙon banki na ƙarya ne ya yaudare ta. Ni ban ce ta ci ba. Amma mata sun ce in tambaya: duk faɗin garin nan, a rasa wadda za a yaudara da saƙon banki sai matar Malam Iliyasu?"

Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki biro. Matan za su zauna da yammacin ranar kasuwa mai zuwa su yanke ko Asabe wadda aka cuta ce ko wadda ta ci amana. In sun yanke na biyu, za su cire ta daga ƙungiyar da ta taimaka aka kafa, kuma sunan zai bi ta har kabari. Wanda ba ɗan garin nan ba ne ba zai gane nauyin tambayar Hajiya Dije ba sai an ba shi labarin daga tushe. Zan bi da tsari, don ban iya magana ta wata hanya ba.

Ni ne Haruna, ƙanin marigayin, uwa ɗaya uba ɗaya. Firamare na gama na shiga aikin gandun daji, na yi shekaru ina tsaron itatuwa har dajin ya fi ƙarfin irinmu, na ajiye aiki. Yaya ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Ya yi makarantar kiwon lafiya, ya dawo ya zama duba-gari, mai zagaya gidaje yana leƙa randa da masai da kwata. Ba a son duba-gari a ko'ina, shi kuma bai taɓa neman a so shi ba. Shekarar da amai da gudawa ya shigo unguwarmu, rijiyar farko da ya shafa wa jan fenti ya rufe da kwano ita ce ta tsakar gidan mahaifiyarmu. Inna ta fito ta ce, "Iliya, da gidan da aka yanke maka cibiya za ka fara?" Ya ce, "Inna, a nan na fara ganin ciwon. In na ɓoye taki, da wane baki zan je in rufe ta wani?" Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa ba. A gidanmu babu wanda ya mutu, kuma maƙwabtan da suka saba ɗiban ruwa a wurinmu suka daina tun kafin ciwon ya kai gare su.

Na kawo wannan ne don a san irin kan mutumin, saboda abin da ya yi daga baya bai fito daga sama ba.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, lokacin yana karɓar fansho, saƙon imel ya shigo wayarsa. Da Turanci yake, da tambarin bankinsa a sama, launi da komai. Aka ce bayanan asusunsa sun tsufa, za a rufe shi kafin ƙarshen mako. Aka ba shi zaɓi biyu: ko ya zo reshen banki a Kaduna da kansa, ko ya latsa wani rubutu mai launin shuɗi ya cike bayanan daga inda yake zaune.

Mai karatu na wani gari zai ga wannan zaɓi ba komai ba ne. Mu nan mun san abin da "ka zo Kaduna" ke nufi. Yana nufin ka yafe wa iyalinka su yafe maka, ka je tasha ka jira a tara motoci, ka shiga dajin nan na 'yan bindiga kana karanta duk abin da ka haddace, kana kallon kowace kwana. Wanda ya rubuta saƙon wataƙila bai taɓa jin sunan garinmu ba, amma ya taka daidai inda ke mana ciwo. Yaya ya dubi hanya, ya dubi shuɗin rubutu, ya latsa. Shafi ya buɗe kamar na banki. Ya sa lambar katinsa, ya sa lambar sirri, da aka turo masa wata lamba ta tes ita ma ya kwafa ya sa. Kafin Magariba wayarsa ta fara ƙara, alat na bin alat, fanshon yana fita.

Washegari da hantsi ya zo gidana. Tun muna yara yake kirana Na-ɗaya-na-biyu, wai ba na iya ba da labarin ko zuwa gona sai na jera. Ya zauna ya ce, "Na-ɗaya-na-biyu, yau ranarka ce. Zo ka jera mini wautata."

Na jera masa. Bai yi gardama a ko ɗaya ba. Ya gaya mini tun daren jiya ya kira lambar da ke bayan katinsa an toshe katin. Sai ya ce, "Saura shela."

Na ɗauka wasa yake. Na ce, "Yaya, abin da ya tafi ya tafi. A rufa wa kai asiri."

Ya ce, "Ni kaɗai aka turo wa? Duk ɗan fanshon garin nan yana da waya irin tawa, kuma yana tsoron hanyar da nake tsoro. Rijiya ce ta ɓaci, Haruna. Na sha, na ji a cikina. In zauna ina kallon mutane suna zuwa da guga?"

Asabe ta fi ni ƙin abin. Ita malamar firamare ce, mace mai kamun kai, ba ta son a ji kanta ko da alheri. Ta ce masa, "Malam, kana da 'ya'ya mata a gidajen miji. Za a riƙa nuna su da baki." Ya ce, "Za a nuna su, su ce eh, babanmu ne. Me ya fi wannan sauƙi?" Ta ce, "To ni ba da ni ba." Ranar kasuwa ta shige ɗaki ta ja ƙofa, ko tuwon rana ba ta ɗora ba.

Muna da mai shela, Ɗanjuma, mai yawo da lasifika a kafaɗa. Aikinsa cigiyar akuya da ta ɓata, da yaron da ya saki hannun uwarsa, da sanarwar rigakafi. Shekaru Yaya yana ba shi sanarwar hukuma, amma da ya ji wannan sai ya sauke lasifikar ya ce, "Malam, in ce wani bawan Allah ne abin ya samu?"

Yaya ya ce, "Ka faɗi sunana da aikina. In ka ce wani bawan Allah, kowa zai ɗauka wani ne da bai yi boko ba, ya ce ni na fi ƙarfin haka. In suka ji ni ne, za su taɓa aljihunsu."

Haka aka yi. Daga rumfar masu hatsi zuwa layin mahauta zuwa kara inda ake cinikin shanu, Ɗanjuma yana gaba yana cewa, "Jama'a a saurara. Malam Iliyasu Duba-gari ya ce a gaya muku an cuce shi, ga shi nan ku dube shi. Saƙo aka turo masa da sunan banki, ba banki ba ne. Duk wanda aka ce ya latsa ya sa lambar sirri, kada ya latsa." Yaya yana biye da shi da wayar a ɗage, ni ina biye da Yaya, don ba a barin ɗan'uwa ya yi irin wannan tafiya shi kaɗai.

An yi dariya, ba zan ɓoye ba. Wani mahauci da Yaya ya taɓa ƙwace wa nama ya ɗaga wuƙa yana cewa, "Malam, ka leƙa randar kowa ka manta taka." Yaya ya ce, "Gaskiyarka. Kai dai ka rufe naman nan, ƙuda ya yi yawa." Kafin azahar matasa sun raɗa masa suna Malam Latsa-nan, kuma sunan bai bar shi ba har ya koma ga Allah. Yana amsawa. Amma a kara, wani dattijon Bafulatani ya ja shi gefe, ya kira ɗansa ya ce ya nuna wayarsa. Irin saƙon ne sak, ya shigo da safiyar nan, kuma a asusun akwai kuɗin shanun da suka sayar. Dattijon bai yi dariya ba. Ya riƙe hannun Yaya da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

Tun daga ranar zauren nan ya zama wurin kawo waya. Malaman makaranta daga Tabanni, manoma daga Kutemeshi, masu shago, fastoci, duk wanda saƙo ya tayar wa hankali sai ya zo. Yaya yana da tambayoyinsa, ni na jera masa su. Na ɗaya, saƙon yana gaggauta ka, yana yi maka barazanar rufe asusu? Na biyu, me yake nema? In lambar sirri ce, ko lambar kati, ko lambar nan da ake turowa ta tes, to magana ta ƙare, banki ba ya tambayar waɗannan, ko ta imel ko ta waya. Na uku, kada ka tsaya a sunan da aka rubuta a sama, taɓa shi adireshin da ke ƙarƙashi ya fito, ka gani ko ya yi kama da wanda bankinka ya saba aiko maka da shi. Na huɗu, ko ka gamsu ko ba ka gamsu ba, kada ka latsa shuɗin rubutu. Juya katinka ka kira lambar da ke baya. Sai wasu biyu da shi ya fi so, don sun fi saurin ganewa: saƙon ƙarya ba ya kiran sunanka, sai dai ya ce "abokin hulɗarmu", kuma Turancinsa cike yake da kurakurai. Da jan biro yake kwafo kurakuran yana nuna wa mutane, yana dariya. Asabe, wadda ta daɗe da huce fushinta, tana kawo shayi tana jin waɗannan biyun safe da yamma.

Ciwonsa bai daɗe ba. Bayan an yi sadakar arba'in, mutane suka ci gaba da zuwa zauren da wayoyinsu, suka tarar da ni. Ban kai shi ba, amma jerin yana kaina. Haka na gaji bencinsa.

Yanzu ga abin da ya sami Asabe. Asusun ƙungiyarsu da sunanta aka buɗe shi, ita ce ma'aji, katin yana hannunta. Can cikin kakar nan, daidai lokacin da mata suka gama haɗa kuɗin shanshera, imel ya shigo mata. Ba da Turanci ba, da Hausa, Hausa mai tsabta wadda ko ita malama ba ta sami abin gyarawa ba. Ya kira cikakken sunanta. Ya kira sunan ƙungiyar. Inda suka samo ban sani ba, amma matan nan sun sha rubuta sunayensu da lambobinsu a takardun neman tallafi da ba a san inda suke ƙarewa ba. Saƙon ya ce za a dakatar da asusun ƙungiyoyi har sai shugabanni uku sun zo Kaduna da kansu, sai dai in ma'aji ta sabunta ta nan. Ta latsa ta cike. Can sai wata mace ta kira ta, ta yi sallama, ta ce "Mama, ina wuni, ya iyali," ta ce daga banki ne, a karanto mata lambar da ta shigo yanzu don a kammala. Ta karanta.

Ita ta aiko a kira ni. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji da matar wa tun tana amarya; ba ta taɓa ganina ba ta ce wani abu a kan hulata ko tafiyata ba. Ranar wayar kawai ta miƙo mini. Na karanta na ce, "Yaya Asabe, ba ki ga yana gaggauta ki ba?"

Ta ce, "Na gani. Amma ya kira sunana, Haruna. Na nemi kuskure kamar yadda Malam yake yi, ban samu ko ɗaya ba."

Na ce, "Lambar bayan kati fa?"

Ta ce, "Na tuna da ita bayan na gama. Abin da ke gabana lokacin shi ne ni da Dije da Rahila a cikin mota a dajin nan. Rahila marayu take riƙo. Na ce in latsawa ɗaya za ta hutar da mu, bari in latsa."

Abu ɗaya ta yi wanda na shaida: ba ta kwana da maganar ba. Muna gama kiran banki aka toshe katin, ta yafa mayafi ta tafi gidan Hajiya Dije ta faɗa da bakinta. Ta nuna saƙon. Wasu matan suka ce yaran yanzu suna iya haɗa wa mutum irinsa in ya biya su. Wasu suka ce shekara nawa ana koyar da abin nan a zaurenta tana ji. Abin da ya kamata ya zama gatanta shi ya zama shaida a kanta. Da matar wani ce, da an ce Allah ya mayar da alheri. Da yake matar Malam Latsa-nan ce, sai aka ce ba ta yiwuwa. An yi suna biyu a unguwar ba a aiko mata da goro ba. Ta ce ko da sayar da gonarta ne za ta cike wa mata abinsu, amma ba wannan ke hana ta cin abinci ba. Biyan ma, in ba a wanke ta ba, cewa za a yi ta amayar da abin da ta haɗiye.

Nakan zauna a bencin nan in tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Ina jin abu na farko da zai yi shi ne ya kira Ɗanjuma ya soke alamominsa biyu da bakinsa. Zai ce a gaya wa jama'a ɓarayin sun koyi rubutu, sun koyi Hausa, sun san sunayenmu, sun iya gaisuwa. Kada kowa ya ƙara dogara da kuskuren Turanci. Zai ce huɗun farko suna nan daram, musamman ta biyu: duk wanda ya nemi lambar sirrinka ko lambar tes, ko da muryar uwarka ya zo, ba banki ba ne. Ba zai ji nauyin cewa abin da ya koyar jiya ya tsufa ba. Matarsa kuma ba na jin zai yi mata faɗa fiye da minti ɗaya, don ya san hanyar da ta tsorata ta ita ce ta tsorata shi.

Mu zai juyo ya kalla. A nan ne kunyata take.

Tun farkon kaka, kafin abin ya sami Asabe, maza uku sun zo mini a zauren nan, kowanne ya zaɓi lokacin da babu kowa. Saƙo iri ɗaya, Hausa iri ɗaya, barazanar Kaduna iri ɗaya, har macen mai "ina wuni" ita ce. Dukansu sun latsa, dukansu an kwashe musu. Kowanne kafin ya buɗe baki sai da ya sa na yi masa alkawari da sunan Allah ba zan faɗa wa kowa ba. Na yi, don lokacin ban san abin zai zo gidanmu ba, kuma ni ba na warware alkawari. Ba zan faɗi sunansu ba, ba zan faɗi sana'arsu ba. Abin da zan faɗa shi ne, biyu daga cikinsu suna zaune a zauren ranar Juma'a. Na san faɗin haka ya matse su. Da gangan na yi. Iyakar abin da alkawarin ya bar mini ke nan.

Da Hajiya Dije ta gama magana, liman ya yi abin da ya dace. Ya dubi maza ya ce, "Jama'a, akwai wanda ya ga irin wannan saƙo, ko ya san wanda ya gani? In ya yawaita a gari, ai maganar ta sauya." Na dubi na farko, yana jan carbi kamar yanzu aka ba shi. Na dubi na biyu, ya sami wani abu a ƙasan takalminsa da yake buƙatar dubawa. Na ce, "Malam, ni na san an turo wa wasu, kuma sun faɗa." Hajiya Dije ta ce, "Su wa?" Na ce ba zan iya faɗa ba. Ta ce, "Malam Haruna, kai ƙanin mijinta ne. In na koma na ce wa mata ƙanin mijinta ya ce akwai wasu amma ba su da suna, me kake so su ce mini?" Gaskiya ta faɗa.

Mama Rahila ce ta ce a hankali, "Ni dai na san Asabe." Babu wanda ya ɗora a kai.

Na yi aikin daji, na ga abubuwan da ba na so in tuna, amma ban taɓa jin fuskata ta yi nauyi irin na wannan shirun ba. A zauren mutumin da ya bi kasuwa ana kiran sunansa da lasifika, a ranar da muka taru muna cewa Allah ya saka masa, muna cin ƙosan sadakarsa, maza masu gemu suka bar matarsa ita kaɗai, alhali da kalma ɗaya a bakinsu wadda za ta wanke ta. Ni kuma da na gaji bencinsa, ashe abin da na mayar da shi ke nan: wurin da ake zuwa a ɓoye a ajiye asiri a tafi. Shi ya buɗe zauren don magana ta fita. A hannuna ya zama inda take shiga ta kwanta.

Asabe ce ta kawo ƙarshen zaman. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ba komai, Malam Liman, kada a takura wa kowa. Ranar da ya yi tasa shelar, ni ma ɗaki na shiga na kulle. Na san yadda abin yake." Sai ta juyo wajena ta ce, "Na-ɗaya-na-biyu, Ɗanjuma yana nan da ƙafarsa?" Na ce yana nan, ya tsufa amma lasifikar tana aiki. Ta ce, "To ka gaya masa ranar kasuwa ina da shela. Ya faɗi sunana."

Washegari na bi mutanen nan uku gida-gida. Na farko ya ce in aka ji an yaudare shi, wa zai ƙara ba shi ajiya? Na biyu ya ce akwai maganar aure a gidansa, surukai za su raina shi. Na uku ya ce in bari ƙura ta lafa tukuna. Ban zage su ba. Dalilansu irin waɗanda ni da Asabe muka kawo wa Yaya ne shekara takwas da suka wuce, kuma ba ƙarya ba ne: za a yi dariya, wataƙila a raɗa suna. Amma ɓarayin nan ba wayonsu kaɗai suke ci ba, shirunmu suke ci. Da na farkon ya yi magana a farkon kaka, da na biyu bai latsa ba, da na uku bai latsa ba, da Asabe ta ga saƙon ta gane shi tun daga sallama.

In na auna abin da ya rage na Yaya Iliyasu bayan shekara shida, ga abin da na samu. Bencinsa yana nan. Tambayoyinsa huɗu suna nan, yara ma sun haddace. Sunan tsokanar da aka raɗa masa yana nan, har waɗanda ba su san asalinsa ba suna faɗa. Waɗannan duk masu sauƙin gado ne, mun raba su. Abu mai wuyar, wato mutum ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce ni ne, ku dube ni, na ɗauka an binne shi tare da shi. Ranar Juma'a na ga ashe yana nan, kuma ba a wurinmu maza ba, ba a wurina ni ɗan'uwansa na jini ba. Yana wurin matar da ta taɓa kulle kanta a ɗaki don kada ta ji.

Sai dai shelarta ita kaɗai ba za ta wanke ta ba. Wanda ake zargi in ya yi shela, cewa za a yi kare kansa yake. Abin da zai sauya hukuncin matan nan da yamma shi ne su ga da safe wani ya tsaya kusa da ita, wanda ba danginta ba, wanda ba shi da ribar komai, ya ɗaga wayarsa ya ce ni ma an turo mini, ni ma na latsa.

Don haka ga roƙona, kuma da tsari zan yi shi. Na ɗaya, kai mai karatu a duk inda kake, in saƙo ya zo maka da sunan banki yana gaggauta ka, ajiye wayar, juya katinka, kira lambar da ke baya. Na biyu, in an riga an cuce ka, faɗa wa mutum ɗaya yau kafin rana ta faɗi, kuma kada ka sa shi ya yi maka alkawarin yin shiru. Na uku, naku ne ku uku, da duk wani ɗan Birnin Gwari ko Tabanni ko Kutemeshi da wannan saƙo ya ci bai gaya wa kowa ba. Ranar kasuwa da hantsi, Asabe za ta tsaya a bakin rumfar masu hatsi, inda mijinta ya fara. Ɗanjuma zai kasance a gaba, ni ina baya kamar wancan karo. Akwai wuri a gefenta. Ku zo da wayoyinku, ku ba Ɗanjuma sunayenku.